Amsa kan fararen ɗigo a sayanotaif

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki kan fararen ɗigon da ke fito miki a hoton sayanotaif (shuɗin hoton da ake bugawa a takarda da hasken rana) bayan kin wanke shi, sai na ji kamar ni na rubuta. Ƙura ce, balle in hunturu ya kama. Ƙwaya ɗaya ta maƙale tsakanin gilashi da nagatif (fim ɗin hoton da ake ɗorawa kan takardar a danne da gilashi), shi ke nan rana ba za ta taɓa wurin ba, sai ya fito fari.

Kada ki gyara a ranar da kika wanke. Shuɗin yana ci gaba da yin duhu har wajen awa 24, in kin haɗa kala da wuri, washegari gyaran zai tona kansa. Ki nemi fentin ruwa na Prussian blue, ai shi ne ainihin abin da ke jikin takardar, da burushi mai lamba 000. Ki tsoma, ki goge a wata takarda har ya kusa bushewa, sai ki riƙa ɗigawa da tsininsa kawai, ɗis-ɗis, ban da shafawa.

Kuma don Allah kada ki bari kowa ya kusanci hoton da sabulu. Ni wani mai firam na kai wa hoton hannun kakata tana kaɗi, wanda na ɗauka kafin Allah ya yi mata rasuwa. Ya ga ɗan ɗigo a gefe, bai kira ni ba, ya sa tsumma mai ruwan sabulu ya murje. Da na je na tarar wurin ya koɗe ya koma rawaya, daidai kan yatsunta. Ko haƙuri bai ba ni ba, wai "ai sai ki sake bugawa". A kan wace takarda? Ita ce ta ƙarshe cikin ta audugar da aka kawo mini. Har yau in na bi ta layin shagonsa raina ɓaci yake.

Ruwa ma ki lura da shi. In na rijiyarku mai zartsi ne, zuba ɗan ruwan khal a wankin farko. Baƙin ɗigo kuwa daga ɗan hujin da ke jikin nagatif yake, can za ki toshe shi. Ni ba na son kankare ɗigon da reza, tana tayar da gashin takarda. Wace takarda kike amfani da ita ma? Wasu akwai alli a cikinsu, shi ma cin shuɗin yake.