Janareta na cinye min riba, in sayar in sa sola?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon lemo da ruwan leda da kunun aya a Daura, firiza biyu. Wuta ba ta zama, kullum janareta sai ya sha lita huɗu. Wani mai haɗa sola ya ce in sayar da injin, in ciwo bashi in cika, ya haɗa min wadda za ta riƙe shagon dare da rana. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Sola kam ka sa. Amma injin nan bar shi a inda yake, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Ɗauko biro. Lita 4 kullum, lita 120 ke nan a wata, 1,460 a shekara. Ninka da farashin gidan mai na yau, ka ɗora baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin 2024 ta fita ta haura dubu. Wannan kuɗin ba jari ba ne, hayaƙi yake zama, ga ƙara, ga zafi. Hayaƙin ma kisa yake in aka rufe ƙofa da inji a ciki, don Allah kada yaron shago ya kwana kusa da shi.

Inda na saɓa da mai solar naka shi ne wannan "dare da rana" ɗin. Farantin sola mai kyau yakan yi shekara 20 har 25 yana aiki, rana kuwa Allah ya hore mana ita a Daura. Tsadar tana wajen batir, shi ne kuma ke fara mutuwa. Batir mai ruwa, in ana tatse shi kowane dare cikin zafin bazara, da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku. Na litiyam ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa na iya tashi da jarinka. Ka ci bashi a kan batir, batir ya mutu, bashi na nan da ransa.

Alhali kai sanyi kake sayarwa, sanyi kuma yana ajiyuwa. Ka haɗa farantai da inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin wadda firiza ke ci) da ƙaramin batir da za su ja firiza tun daga hantsi zuwa la'asar. Ka jera jarkokin ruwa a ƙasan kowace firiza su daskare. Da dare a rufe, a daina buɗe-buɗe. Ƙanƙarar nan ita ce batirinka, kuma ba ta tsufa.

Ka gaya wa mai haɗin cewa firiza in za ta tashi tana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da take ci, don haka kada ya kawo maka inbata ɗan tsurut, kuma kada a tada biyun lokaci guda. Ya rubuta maka garanti a takarda, don kasuwa cike take da farantan da lambar jikinsu daban, ƙarfinsu daban. Da hunturu, ƙurar da za ta kwanta a kansu ta isa ka rubuta sunanka da yatsa; a goge da sassafe da tsumma mai laushi da ruwa, kafin su ɗau zafi.

Injin kuma ranarsa na zuwa: kwanakin Agusta da gari ke wuni a lumshe, da ranakun da hazo ya rufe rana, da yammacin azumi lokacin da kowa ke neman ƙanƙara. Kuɗin man da ka daina kashewa ka riƙa zuba shi a adashi. In kwasarka ta zo, ka rubuto min mu duba ko batirin litiyam zai biya kansa.