Tikitin besbol ya yi tsada: in ƙara jari, in ƙara farashi, ko in tashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan zango ne daga Kumasi, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Ina da tebur kusa da filin wasan ƙungiyar Yankees, ina sayar da hular hana-salla da riguna da ruwan roba a ranakun wasan besbol. Waɗanda suka riga ni a wurin suna cewa a da kasuwar ta fi haka cika, wai tsadar tikiti ce ta kori mutane. Kwanan nan zan kwashi adashi, dala 6,000. Wasu na cewa in zuba kuɗin duka a huluna in kuma ƙara farashi, tunda wanda ya iya sayen tikiti mai tsada ba zai ji ƙarin dala biyar ba. Wasu kuma na cewa in tashi daga wurin, wasan ya kama hanyar mutuwa. Mece ce mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Kada ka tashi daga wurin, kada ka zuba kuɗin adashin gaba ɗaya a huluna, farashi kuma ka bar shi inda yake. Bari in faɗa maka dalili, don kada gobe wani ya sake zuwa ya juya maka tunani.

Manyanka na bakin titi ba ƙarya suka yi ba. A babbar gasar besbol ta Amurka, wadda ke da ƙungiyoyi 30, ba a taɓa samun 'yan kallo irin na shekarar 2007 ba, lokacin da aka sayar da tikiti kusan miliyan 79 da rabi. Daga nan abin ya riƙa zaizayewa, har ya sauko miliyan 68 da rabi a 2019, tun kafin a san da wata cuta mai suna korona. A 2022 ya tsaya a wajen miliyan 64 da rabi. Sai dai masu ce maka wasan zai mutu sun tsaya da karatu a nan ne, domin a 2023 adadin ya haura miliyan 70, a 2024 ya wuce miliyan 71. Bai koma inda yake a 2007 ba, amma majinyacin ya tashi zaune.

Abin da ya fi shafarka shi ne kuɗin da masu ƙungiyoyin ke samu. A 2007 kuɗin shigar gasar ya kai wajen dala biliyan 6. A 2024, kamar yadda mujallar Forbes ta ruwaito, ya zarce biliyan 12. Ko an cire hauhawar farashi, ƙarin mai yawa ne. Mutane sun ragu da miliyan 8, aljihun masu gida kuwa ya ninka. Kuɗin na fitowa ne daga gidajen talabijin masu sayen haƙƙin nuna wasa, da kamfanonin talla, da ɗakunan alfarma da kujerun gaba waɗanda manyan kamfanoni ke kamawa na shekara guda don karrama baƙinsu. Mai ƙungiya zai iya rasa talakawa dubu biyar a wasa ɗaya ya mayar da gurbinsu da attajirai ɗari biyar. Kai ba ka da talabijin, ba ka da ɗakin alfarma. Cinikinka ƙafafun da suka wuce ta gaban teburinka ne kawai. Saboda haka duk wanda ya ce ka kwaikwayi masu fili wajen ƙarin farashi, ya manta cewa ba kasuwa ɗaya kuke ci ba.

Filin da kake zaune a bakinsa ma shaida ne. Tsohon filin Yankees yana ɗaukar mutum wajen 57,000, kuma a shekararsa ta ƙarshe, 2008, an sayar da tikiti kusan miliyan 4.3. Sabon da aka buɗe a 2009 an gina shi ƙarami da gangan, yanzu kujerunsa ba su kai 47,000 ba. Yi lissafi da kanka: wasa 81 ake yi a gida a kowace kaka, ko da kullum filin ya cika maƙil ba za a wuce miliyan 3.8 ba. A 2024, shekarar da ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na cin kofi, miliyan 3.3 aka samu. Ka ga ke nan cikar da manyanka ke ba ka labari ba za ta dawo ba, siminti ya riga ya yanke hukunci. Ba Yankees kaɗai ba ce, ƙungiyar Atlanta ma da ta sauya fili a 2017 daga mai kujera kusan 50,000 ta koma mai 41,000. Ƙarancin kujera shi ke ba su damar tsawwala kuɗi.

To amma su ma sun taɓa wuce gona da iri. Da aka buɗe sabon filin a watan Afrilun 2009, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, wasu kujerun gaba dala 2,500 aka sa musu a wasa ɗaya. Duk wanda ya kunna talabijin sai ya ga kujeru wayam a bayan ɗan wasan da ke bugun ƙwallo, abin ya zama abin dariya a jaridu. Wata bai ƙare ba aka zabge kuɗin wasu zuwa dala 1,250. Idan ƙungiyar da ta fi kowace suna a wannan wasa ta gwada ta ja da baya, ina ga mai tebur? Kuma ka lura, mai zama a waɗancan kujeru ba mutuminka ba ne. A mota ake sauke shi, abincinsa na cikin kuɗin tikitinsa, ta wata ƙofa daban yake shiga. Naka shi ne wanda ya sauko daga jirgin ƙasa mai lamba 4 ko D a titin 161, yana riƙe da hannun yara biyu.

Wannan magidanci, kafin ya iso teburinka an riga an tatse shi. Akwai wani kamfani, Team Marketing Report, da ke lissafa abin da iyali mai mutum huɗu ke kashewa a zuwa kallo sau ɗaya, wato tikiti huɗu da abin taɓawa da abin sha da kuɗin ajiye mota da huluna biyu. A 2022 matsakaicin lissafin ya haura dala 250 a faɗin gasar, na New York kuwa ya fi haka. Matsakaicin kuɗin tikiti da bai wuce dala 23 ba a 2007 ya kai wajen 37 a 2023. Mutumin da ya biya wannan bai zama mai kuɗi ba don ya biya. Sau da yawa tarawa ya yi, kuma sau ɗaya ko biyu zai zo a shekara maimakon sau biyar da mahaifinsa ke kawo shi. Abin da ya tsayar da shi a gabanka shi ne ya san hular da ke cikin fili ta ninka taka. Wannan tazarar ita ce ainihin hajarka. Ranar da ka rage ta, taku uku zai yi ya isa teburin maƙwabcinka mai irin kayanka.

Akwai ma wanda ya gwada akasin haka ya ci riba. Ƙungiyar Atlanta Falcons, ta ƙwallon Amurka ce ba ta besbol ba, ta karya farashin abinci da abin sha a sabon filinta a 2017, ruwa da lemo suka koma dala biyu-biyu. Ƙungiyar ta ce abin da kowane ɗan kallo ke kashewa ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari. Mutum in ya ji ba a cutarsa sai ya sayi biyu.

Kada kuma ka ɗora wa tikiti laifin duka. Ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles na cikin masu tsadar tikiti, kuma ita ke kan gaba a yawan 'yan kallo, kusan miliyan 4 a 2024, saboda tana da 'yan wasan da mutane ke son gani. Tsawon wasan ma ya kori jama'a. A 2021 matsakaicin wasa ya kai awa 3 da minti 10, wa zai zauna da yara har kusan sha ɗayan dare alhali gobe akwai makaranta? Da aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jefa ƙwallo lokaci a 2023, wasa ya dawo wajen awa 2 da minti 40, kuma a shekarar ce 'yan kallo suka ƙaru da miliyan 6. Wannan gyara ya yi maka rana kai ma: wasan da aka fara ƙarfe bakwai ana tashi kafin goma, mutane na fitowa da sauran ƙarfinsu. Idan kana naɗe kaya da zarar an shiga fili, ka daina. Cinikin bayan tashi, musamman ranar da aka yi nasara, ba abin yarwa ba ne.

Inda tsada ta yi ɓarna sosai shi ne inda aka haɗa ta da mugun kaya. A Oakland, gab da kakar 2022, masu ƙungiyar Athletics suka ɗaga kuɗin tikitin shekara, suka kuma sayar da fitattun 'yan wasansu. A kakar gaba ɗaya ba a kai mutum 800,000 ba, wato ƙasa da 10,000 a wasa, akwai ma daren da ba a kai 3,000 ba. Ranar 13 ga Yunin 2023 magoya baya suka yi gangami suka zo su fiye da 27,000, don su nuna cewa suna nan, mai ƙungiyar ne suka ƙaurace wa. Bayan kakar 2024 ƙungiyar ta bar garin. Masu tebur irinka a can su ne suka fi kowa ji a jikinsu, ba su da hannu a shawarar, ba kuma wanda ya tambaye su. Yankees ba ta cikin wannan hali, shi ya sa na ce ka zauna. Amma abincinka na rataye ne a kan shawarar wasu, kuma mai irin wannan sana'a ba ya kwana ba ajiya.

Wani abu da 'yan tebur da yawa ba su sani ba: adadin 'yan kallo da ake sanarwa na tikitin da aka sayar ne, ba na mutanen da suka shiga ba. Kamfani ya sayi kujeru ashirin na shekara, ko ba wanda ya zo za a ƙirga su. In ka dogara da wannan lamba wajen sari, kallon kitse za ka yi wa rogo. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace ranar wasa: wace rana ce, da wa aka buga, ƙarfe nawa, yaya gari yake, me ka sayar. Bayan kaka ɗaya littafin nan zai fi ni amfani a wurinka.

Akwai kuma ma'auni na kyauta a wayarka. Tun da ƙungiyar Giants ta San Francisco ta fara gwadawa a 2009, kuɗin tikiti ya daina zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka gwargwadon yawan masu nema. Kwana biyu kafin wasa ka leƙa shafukan sayar da tikiti irin su SeatGeek ko StubHub. In ka ga mafi arhar tikiti ya yi sama, kamar ranar da manyan ƙungiyoyi irin su Red Sox ko Mets ko Dodgers suka zo, to za a cika, kuma akwai baƙi masu neman tsaraba, ka fito da huluna da riguna. In ka ga ya faɗi warwas, kamar daren Talata a sanyin Afrilu, mutane kaɗan ne, amma 'yan unguwa ne da ɗalibai, ƙananan kaya za su saya. Kada ka ɗauki yaron shago ranar.

Sai maganar kuɗin adashi. Da ni ne, kashi ɗaya cikin uku kawai zan sa a haja, kuma ba a sari ɗaya ba. Rabin wannan a kayan da ke juyawa da sauri, ruwa, rigar ruwa ta leda, hulunan yara, sauran a huluna masu launi da rubutun da ba sa tsufa. Ka yi hattara da rigar da ke ɗauke da sunan ɗan wasa. Juan Soto ya buga wa Yankees a 2024, rigarsa ta yi kasuwa, a watan Disamba ya sa hannu da Mets a kan dala miliyan 765. Duk wanda ya cika sito da ita ya kwana da kwantai.

Kashi na biyu ka ajiye shi, kada ka taɓa. Kwanakin cinikinka 81 ne a shekara, sai ɗan abin da aka samu in Yankees ta tsallaka zuwa wasannin neman kofi na watan Oktoba. Daga nan har ƙarshen Maris ba kowa, ga haya, ga aike gida. Ko ajiyar ta ciyar da kai, ko ta zama jarin safar hannu da hular sanyi a wani titin.

Na ukun shi ne na gyaran sana'a. Ka sami na'urar karɓar kuɗi ta kati da waya, domin filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, 'yan kallo sun saba fitowa ba ko sisi a aljihu. Ka sayi akwatin ƙanƙara mai kyau, ruwan sanyi a watan Yuli ba ya neman talla. Filin na barin a shiga da ruwan roba wanda ba a buɗe ba in bai wuce lita ɗaya ba, ka tabbatar da ƙa'idar a farkon kowace kaka, sannan ka rubuta ta ɓaro-ɓaro a kwali, domin baƙi da yawa ba su sani ba. Ka duba takardunka, a New York lasisin sayar da abin ci da sha daban yake da na huluna da riguna. Tambarin ƙungiya kuma mallakarta ne, kayan jabu in aka kama kwashewa ake yi har da tara, kuma ga baƙo a ƙasar mutane rigimar na iya wuce ta kuɗi. Ka sari mai izini a wurin dillalin da zai ba ka rasit, ko ka tsaya a kan masu rubutun New York ko Bronx kawai.

In har kana son ƙarin shiga daga kowane mai saye, ka yi shi ta hanyar haɗi: hula biyu da ɗan rangwame, ko hula da ruwa a kuɗi ɗaya. Ka gwada a wasa goma, ka rubuta a littafin, sannan ka kwatanta da goman da suka gabace su kafin ka koma wurin dillali.