Filin Tambayi Bakanike: Tsohon roba-roban Baba

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Ringim, akwai wani ɗan ƙaramin mashin na mahaifina, Honda C70 irin wanda ake ce ma roba-roba, ya daɗe jingine a zaure bayan buhunan gero tun sanda Baba ya daina hawa, tayoyi sun sace, kujera ta yage, ɓera ma ya ci wasu wayoyin. Ina so in tada shi in riƙa zuwa gona da kasuwar Gujungu ran Lahadi saboda kuɗin mota ya yi yawa, amma gaskiya ɗan abinda na samu ne daga riɗin bana, ba yawa. Wani bakanike yace in cire injin in sa sabo na China, wani kuma yace in sayar ma ƴan gwangwan kawai in huta. Dan Allah ta ina zan fara?

Daga wani mai karatu, Ringim, Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Toh kar ka sayar, kuma kar ka yarda a sauke injin nan tukuna. Wannan mashin ɗin dangin Super Cub ne da kamfanin Honda ya fara yi a 1958, zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100, kuma da yawa daga cikin ƙananan injinan China da kake gani a kasuwa shi suka kwaikwaya, shi yasa har gobe kayansa basa wuyar samu. Ga shi baya shan mai, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kuwa ka san wannan ba ƙaramin abu bane ga mutumin ƙauye.

Abinda ke cinye kuɗin mutane shine su fara da abinda ido ke gani, a yi fenti a ɗinka kujera a sayo madubi, sai an zo tayarwa a tarar inji baya motsi, kuɗi kuma sun ƙare. Kai dai kafin ka kashe ko sisi ka fara sanin halin da injin yake ciki, wannan kuma da hannunka ma zaka iya.

Ka fito da shi tsakar gida ka wanke, ka kwance fulogi, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, sai ka danna kik a hankali da hannu, ba da ƙafa ba. In ya juya alhamdulillahi. In ya ƙi kar ka hau kai da ƙarfi, wallahi nan ake karya ringi a kuma ƙarce silinda, ka zuba kalanzir da baƙin mai ta ramin fulogin ka barshi ya kwana biyu uku, kullum ka ɗan jijjiga shi har ya saki. Da ya fara juyawa sai ka toshe ramin da babban yatsa ka sa wani ya buga kik, in iska ta ture yatsan da ƙarfi tana fuf fuf to injin yana da rai. In kuma ba ƙarfi, kafin a ce maka sai fistin da ringi a fara duba bawul, gibinsa 0.05mm ne in inji yayi sanyi, sau da yawa bawul ne ya matse ko datti ya hana shi rufuwa, aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Daga nan sai wuta. Ka sa fulogi a hularsa ka jingina gindinsa da jikin inji a buga kik, kana so ka ga tartsatsi shuɗi. Fulogi kam sayi sabo, NGK C7HSA ne nasa, gibinsa 0.6 zuwa 0.7mm, amma ka lura jabu sun yi yawa, ka saya wajen wanda ka sani. Tsofaffin C70 batir 6V suke amfani da shi da foyin, wato ƴan ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu don bada wuta, a cikin magneto, na baya-bayan ne suka koma 12V da CDI, ɗan akwatin wutar da ya maye gurbin foyin, ka duba naka wanne ne kafin ka sayi batir ko ƙwan fitila. In mai foyin ne ka goge bakinsa da ƴar samfefa mai laushi, yawanci tsatsa ce kawai ta hana wuta. Wayoyin da ɓera ya ci kuma a bi su kala da kala a haɗa a naɗe da salatif, ba sai an canza wayarin gaba ɗaya ba.

Yanzu kafireto da tanki, nan nake so ka natsu domin nan ne mafi yawan ciwon mashin ɗin da aka daɗe ba a hau ba. Fetur in ya daɗe yana bushewa ya bar wani danƙo ja mai wari a ƙasan kofin kafireto, shi ke toshe jet, wato ƴan ƙarafan nan masu siririn rami da mai ke bi. Ka kwance shi a kan faranti ko farin ƙyalle, kar a ƙasa, don akwai ƴar allura da sifirin da in suka faɗa yashi sun tafi kenan. Ka jiƙa ƙarafan a fetur, ka cire jet biyun, babba da ƙarami, ka ɗaga kowanne ka kalli rana ta cikinsa, sai ka ga haske zagaye tas sannan ya wanku. Ƙaramin shi ne mai rigima, in ya toshe mashin zai tashi da cok amma kana sakin maƙura zai mutu. Ka hura shi da famfon keke, in ya ƙi ka zare silin waya ɗaya na jan ƙarfe mai laushi ka zura, kar ka sa allurar ɗinki, tana faɗaɗa ramin mashin ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi. Kuma dan Allah in kafireton asali ne, zaka ga an rubuta Keihin a jikinsa, kar ka bari a karɓe maka shi a baka sabo mai ƙyalli, naka ya fi shi nesa ba kusa ba, gaskit da allura kawai zaka canza.

Tankin kuma ka leƙa da tocila. In akwai tsatsa ka cire shi ka zuba notina da kalanzir ka girgiza sosai, ka zubar, ka maimaita har abinda ke fitowa ya yi haske, ka shanya, ka tabbatar adadin notinan da ka zuba su suka fito. Sai sabon tiyon mai da ƴar matatar nan ta roba, basu da tsada. Soson iya-kilina mai tace iska ma ka canza, da ƙurar hunturun nan tamu in ka hau ba shi ringi bazai yi shekara ba. Ka kuma leƙa bakin salansa, zanzaro na son yin gini a ciki, na sha ganin an wahala da kik yini guda ashe laka ce ta toshe hanyar hayaƙi.

Kafin ka tayar ka juye tsohon baƙin mai ka zuba sabo, bai kai lita ɗaya yake ci ba, ka auna da sandarsa. Ka nemi na mashin mai alamar JASO MA a jikin galan saboda kulocinsa a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi sulɓi. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi kam ban baka shawara ba. In ya tashi yana shuɗin hayaƙi ka bashi lokaci, man da ka ɗiga ne ke ƙonewa, sai in ya ƙi dainawa bayan ka ɗan hau shi sannan a yi maganar ringi.

Inda ba zan yarda ka yi tsimi ba shine birki da taya. Takalmin birkin da ya daɗe, fatar jikinsa na iya ɓallewa ta cije ƙafa kana cikin tafiya, ka canza gaba da baya duka, wayar birkin gaba ma in ta fara tsinkewa a sa sabuwa. Tayar da ta tsattsage a gefe ta mutu ko da zanenta na nan, inci 17 ce, ana samu ko ina. Sarƙa in bata miƙe ba a wanke da kalanzir a sa mai, in haƙoran sifoket sun yi tsini sun lanƙwashe a canza su tare da sarƙar. Ka ɗaga kujera kuma ka duba ƙarfen jikin mashin ta wajen baya, can tsatsa ke fara ci, in ya ɓule a kai ma mai walda.

Maganar sabon injin China, sai in an buɗe naka an ga kiranshaf ya lalace ko kesin ya fashe, kuma a buɗe a gabanka, duk abinda aka cire a baka kayanka a leda. Kayan gyara kuma ka rubuta su duka a takarda ka sayo lokaci ɗaya in zaka shiga Kano, kuma ka tafi da tsofaffin a hannu a gwada, domin ba komai na China ne ke zama daidai a na Honda ba.

Kujera ka bari mai ɗinkin kushin na garinku ya yi maka in kuɗi sun ragu, fenti kuwa ya jira kaka mai zuwa. Ka tambayi Baba takardun mashin ɗin da rasit tun yanzu, in sun ɓata ka duba lambar inji da ta jiki ka rubuta ka je ofishin lasin a gyara kafin ka fara hawa titin Gujungu, kuma ka samu hular kwano.