Ku Tambayi Goggo: Jikina na Faransa, raina na Garwa

Salamu alaikum Goggo, ina wuni, ya jama'ar gida. Ni ɗan Garwa ne, a Rumde Ajiya na tashi, yanzu wata biyar kenan ina karatu a Lil, can arewacin Faransa. Goggo wallahi abin ya ishe ni. Tun da na zo ban yi barcin kirki ba, in na dawo daga makaranta sai in kulle ɗaki in ɗau waya in yi ta kallon hotunan mutane a WhatsApp, ana biki ana suna ana cin soya a bakin titi, ni kuma ina nan ni kaɗai kamar maye. Rana ba ta fitowa, biyar ba ta yi ba an yi magariba, maƙwabcina ko kallona ba ya yi. Ran nan kukar da Inna ta ƙulla min ta ƙare, na tuƙa tuwon semul na rasa miya, na zauna na yi ta kuka kamar yaro. In na kira gida kuma ba na iya faɗa, Baba sai da ya sai da shanu biyu kafin in samu biza, kowa cewa yake ai kai ka huta kana Turai, ƙanne na jiran waya, abokai na jiran a turo musu. In tattara in dawo ne ko ya zan yi? Don Allah kar ki sa sunana.

Ɗanki a Lil

Wa alaikumus salam ɗana. Sunanka ba zai fito ba, kwantar da hankalinka. Kukan da ka yi a gaban tukunya kuma ba abin kunya ba ne, tun a 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel ta ƙasar Siwizalan mai suna Johannes Hofer ya yi rubutu kan mutanen Siwizalan da ke ramewa a ƙasar wasu saboda begen gida, har da sojoji, shi ya ƙirƙiro kalmar nan da Faransawa ke ce wa nostalji. To sojoji ma masu bindiga sun rame, balle kai da muciya a hannu.

Rabin abin da ke damunka ba a zuciya yake ba, a jiki yake. Ka tashi a garin da rana ke fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida shekara duka, zafin Maris da Afirilu ya haura digiri 40, sai ga ka a inda cikin Disamba gari ba ya wayewa sai tara saura ya kuma rufe kafin biyar. Dole jiki ya rikice, barci ya gudu. Ka dinga fita tsakar rana ko da hadari ne, ka taka da ƙafa rabin awa, in ka je wurin likita ka tambaye shi maganar bitamin D don fatarmu ba ta saurin haɗa shi a ƙasar da rana ta yi ƙaranci. Tun daga 21 ga Disamba wuni ya fara tsawo, kafin Yuni sai wajen goma na dare rana za ta faɗi, lokacin kuma na san za ka sake rubuto min kana ƙorafin isha'i ta yi nisa.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a wasiƙarka wayar nan ce. Kakanninmu da suka tafi fatauci Gwanja ko suka tafi Makka a ƙafa, in sun tafi sun tafi, dole su nemi mai masauki su koyi gaisuwar garin. Kai kuma Garwa na cikin aljihunka, kuma abin haushi da sanyi agogon Faransa da na Kamaru ɗaya ne, sai ƙarshen Maris suke ƙara awa ɗaya, kenan duk abin da ake yi a kartiye, wato unguwarku, kana gani a lokacin da ake yinsa, kana kallon buki ba ka ci shinkafar ba, Lil ɗin kuma da kake ciki ko sunan titin bayan gidanku ba ka sani ba. Ban ce ka yanke zumunci ba, Allah ya kiyaye. Ka yanka masa lokaci ne kawai, Inna ran Juma'a bayan masallaci, ƙanne ran Lahadi da yamma, sauran kwanaki wayar ta huta kai ma ka huta.

Lokacin da ka ƙwato daga waya kuma ka kai shi wuri ɗaya da za a saba da fuskarka, wurin da in ba ka zo ba sati biyu wani zai ce ina yaron nan ɗan Kamaru. Masallaci ɗaya ka riƙe, kar ka yi ta canzawa, ka tsaya bayan salla a gaisa ko da minti biyar ne. In kana taɓa ƙwallo, kuma ban taɓa ganin ɗan Rumde Ajiya da ba ya taɓawa ba, ka nemi inda ɗalibai ke bugawa. Ran Lahadi da safe ka je kasuwar Wazem, akwai mahauta na halal, akwai barkono da kuɓewa, ka dinga saye wurin mutum ɗaya har ya san ka. Maganar kuka kuwa, ka daina tambayar kuka ba wanda zai gane, ka shiga shagon 'yan Afirka ta Yamma ka ce lalo, haka 'yan Senegal ke kiranta, folere kuma, wato zoɓo, su bisap suke cewa. In ba ka samu a Lil ba jirgin ƙasa awa ɗaya ne zuwa Paris, daga tashar da za ka sauka tsayawa biyu ce a metro zuwa unguwar Shato Ruj, can kam har busasshen kifi sai ka zaɓa.

Maƙwabcinka ba ƙinka yake ba, haka suke, su a wurinsu ƙyale mutum ma ladabi ne. Kai ka fara ce masa bonjur kullum, wata rana zai ƙara da sa va. Sai dai ka yi hankali da zaman 'yan gida da ba a komai sai zagin ƙasar mutane da lissafin wanda aka kora, in ka tashi daga irin wannan zaman ka fi da baƙin ciki.

Ina fata dai ka tabbatar da bizarka a intanet cikin wata ukun farko kamar yadda doka ta ce, in ba ka yi ba gobe da safe ka je ofishin ɗaliban waje na makarantarku. Takardar ɗalibi ta ba ka damar aiki awa 964 a shekara, ka nemi ɗan abin yi, ba don kuɗin kawai ba, wurin aiki ma wurin sabo ne. Su kuma masu jiran a turo, lissafinsu ɗaya ne, yuro 100 sefa 65,595 ne, a Garwa kuɗi ne masu kauri, ba su san a can ko kuɗin ɗaki na wata bai biya ba. Ka zaɓi mutum ɗaya a gida, kawu ko yaya mai riƙe magana, ka faɗa masa gaskiyar kuɗin haya da na abinci da yadda kake ji, shi zai san yadda zai sassauta maka mutane. Inna kuwa ina tabbatar maka ta riga ta ji a muryarka.

Batun dawowa, ba a yanke irin wannan shawara cikin sanyi da duhu. Ka gama jarrabawar ƙarshen shekara tukun, in rana ta fito kana nan kan bakanka sai mu sake magana, kuma dawowa gida ba zunubi ba ne. Amma in ka wuce sati biyu ba ci ba barci, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, wannan ya wuce kewa, ka je asibitin ɗalibai na jami'a, akwai tsarin ganin likitan damuwa kyauta ga ɗalibai, in dare ne kuma ka kira 3114, layin taimakon masu irin wannan tunani, kyauta ne ba dare ba rana. Ka yi addu'a ka kuma je.

* * *

Goggo ina kwana. Ni 'yar Marwa ce, an kawo ni aure Njamena wata takwas kenan. Mijina ba laifi yana ƙoƙari amma tun safe ya fita sai dare, dangin nasa Larabcin Cadi suke yi, in suna dariya sai in ga kamar da ni suke. Kasuwa ma kunya nake ji in je, yaro nake aika. Kullum ina roƙonsa ya bar ni in je gida ko sati ɗaya ne, har ya fara jin haushi. Ƙawayena cewa suke wai ni ba ƙasar waje nake ba tunda kuɗin ma ɗaya ne.

'Yarki a Njamena

'Yata, ƙawayenki ba su taɓa zama a tsakar gidan da ba su jin abin da ake cewa ba. Ni na yi shekara uku a Njamena farkon aurena, daga Kusuri aka kai ni, gadar Ngeli ce kawai tsakanina da gidanmu, amma na yi kukan da ko wadda aka kai Jidda ba ta yi ba. Abin da ya cece ni wata tsohuwa ce mai sai da kisra a bakin layinmu, kullum sai na je na ce lale, ta ce afe, in nuna abu in ce bekam, ta faɗi kuɗin in kasa ganewa ta yi ta dariya tana ƙirga min da yatsu. Wata shida na fara rigimar ciniki da Larabci.

Ki daina aiken yaro, ki ɗau kwandon da kanki. Ki samu ƙaramar ƙanwar mijin ki ce kullum ta koya miki kalma biyar ke kuma ki koya mata miyar tasba irin ta Marwa, yara ba sa gajiya da gyara wa babba magana. Dariyar dangin miji kuma, ranar da kika fara ji za ki tarar yawanci hirar tsadar sukari ce. Zuwa gida kuwa, maimakon roƙon kullum ku zauna da shi ku sa rana, ko bayan ƙaramar salla, da rani kafin ruwa ya ɓata hanyar Waza da Dabanga, ki rubuta ranar ki liƙa a bayan ƙofa.