Filin Tambaya da Amsa: Wuta da Ruwa a Hannun Ƙungiyar Sa-kai

Wasiƙun wannan fitowar daga masu riƙe da ƙungiyoyin agaji da na sa-kai suka zo, kuma kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke: wutar da ake ƙonawa da ruwan da ake zubarwa da kuɗin tallafi. Injiniyoyin lantarki da na ruwa da ke duba mana wannan fili su ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata 12. Masu ba mu tallafi sun ce kafin a sabunta yarjejeniya sai mun nuna musu tsarinmu na kula da muhalli, musamman ta fuskar wuta da ruwa. Mu ba masana'anta ba ce. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ƙungiyarku ba ta neman riba, amma mita ba ta san da wannan ba. Kowace litar dizal da janareta ya ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, fetur kuma kimanin kilo 2.3, ko na waye. Ƙari a kan haka, kuɗin da ke hannunku amana ce, duk abin da ya tafi a ɓarna daga rabon waɗanda aka tara dominsu aka cire shi.

Kada ki fara da rubuta takarda. Ki fara da awo. Ki tattaro takardun kuɗin wuta da na ruwa da rasiɗan mai na watanni 12 da suka wuce, ki fitar da yawan yunit da lita na kowane wata, ba yawan kuɗi ba, domin farashi na canjawa ya rufe miki gaskiyar abin da ake sha. Sannan a riƙa karanta mita duk ranar Litinin da safe a lokaci guda. A ƙara da karatu ɗaya a ranar da aka tashi hutun ƙarshen mako. Abin da mita ta ci tsakanin tashi da dawowa, alhali babu kowa a ofis, shi ne ɓarnar da ta fi sauƙin tsayarwa.

Daga nan ki zagaya ofis da takarda. Kowace na'ura tana da ɗan rubutu a bayanta ko a ƙarƙashinta mai nuna wat nawa take ja. Ki ninka wat ɗin da awannin da take aiki a rana, ki raba da 1,000, ya ba ki yunit. Ga misalin ofishi irin naku: ƙwan fitila 10 na LED masu wat 9, awa 8, yunit 0.7 ke nan. Kwamfutar cinya 5 masu wat 50, yunit 2. Ƙaramin firji, yunit ɗaya da ɗoriya. Na'urar sanyaya ɗaki guda 2 masu wat 1,200, idan injinsu ya yi awa 6 yana juyawa, yunit 14.4. Kusan kashi 80 cikin 100 na wutar ofishin ke nan a cikin na'urori biyu. Shi ya sa muke jin takaici idan muka ga an manna takardar "a kashe fitila" a kowace ƙofa, na'urar sanyi kuwa tana kan digiri 16 da taga a buɗe.

Sa ta a 16 ba ya hanzarta sanyaya ɗaki, hana injin hutawa kawai yake yi. A tsayar da ita a 25, a kunna fanka tare da ita, don fanka ba ta wuce wat 60 zuwa 75 ba, kuma iskarta na sa jiki ya ji sanyin da ya fi wanda ke ɗakin. A cire ragar tace ƙura a wanke duk mako biyu zuwa uku. Ɓangaren da ke waje a ba shi inuwa da sararin shan iska. A toshe ƙarƙashin ƙofa, a sa labule mai kauri a tagogin da ranar yamma ke bugawa. Idan har yanzu kuna da tsofaffin ƙwayaye masu wat 60, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da nasu.

Takardar tsarin kanta shafi ɗaya ta isa: nawa kuka sha bara, nawa kuke son ragewa bana, sunan wanda zai riƙa karanta mita, da ranar da zai kai rahoto gaban kwamitin amintattu duk wata uku. Sunan nan shi ne ƙashin bayan takardar, don aikin da aka ce na kowa ne babu mai yin sa. Idan fom ɗin masu tallafi ya ambaci rukuni na ɗaya da na biyu da na uku, daga tsarin lissafin hayaƙi na GHG Protocol aka ɗauko su, wanda aka fara fitarwa a 2001. Na ɗaya shi ne man da kuka ƙona da kanku a janareta da motocin ƙungiya, na biyu wutar da kuka saya, na uku kuma sauran, kamar tafiye-tafiyen jirgi da kayan da kuka sayo. Ku cika na ɗaya da na biyu da kyau tukuna. Takardar shaidar kula da muhalli ta ISO 14001 kuwa, ƙungiya mai mutum 12 ba ta buƙatarta sai idan an shardanta muku ita a rubuce.

Tambaya: Muna da janaretan dizal mai ƙarfin kVA 30 da aka ba mu kyauta, amma lodinmu bai wuce kilowat 4 ba. Kullum baƙin hayaƙi, ga wani baƙin ruwa na ɗiga daga salansa. Muna son komawa sola. Yaya ake lissafin girmanta? Daga jami'in kula da kayan wata ƙungiyar agaji.

Amsa: Malam, janaretanka ba lalacewa ya yi ba, yunwar lodi ke damun sa. Injin kVA 30 yana ɗaukar kimanin kilowat 24, ku kuwa kuna ba shi 4, ƙasa da kashi 20 cikin 100. Injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 ba ya yin zafin da zai ƙona mai sarai, sai ragowar man ya haɗu da toka ya taru a salansa, shi ne baƙin ruwan da kake gani. A lodi mai kyau litar dizal na ba da kimanin yunit 3, a irin naku ba za ta kai nan ba. Ko ku musanya shi da ƙarami, ko ku tara manyan ayyuka kamar turo ruwa da cajin batura a cikin awannin da yake kunne.

Batun sola, a rage sha kafin a sayi faranti, in ba haka ba za ku sayi kayan ciyar da ɓarna. A ce bayan ragewa kuna buƙatar yunit 8 a rana, wurinku kuma na samun awa 5 na cikakkiyar rana. Tsakanin zafi da ƙura da waya da inbata, kusan kwata na wutar na salwanta, don haka ka ninka 5 da 0.75, ya ba ka 3.75. Raba 8 da 3.75, kilowat 2.1 ke nan: faranti 6 masu wat 400 sun wadatar.

Batir ne ke kayar da yawancin ƙungiyoyi. Na dalma ba a zuƙe fiye da rabinsa. Guda mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da yunit 2.4, amma 1.2 ne naka. Idan kuna buƙatar yunit 3 bayan faɗuwar rana, lissafi ya ce uku, a aikace huɗu za ka haɗa don su dace da bolt 24 ko 48 na inbata. Na litiyam ana iya zuƙar kashi 80 zuwa 90 nasa, guda mai yunit 5 ya yi muku wannan aikin. Kada a haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa. Kada a kulle su a ɗaki mai zafi: batirin dalma rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Inbata kuma a zaɓe ta da tunanin tashin injin ruwa da firji, don a daƙiƙun farko suna jan ninki uku na wutarsu ko fiye. Inuwar reshe ko ta tanki a kan faranti ɗaya tana rage wutar layin gaba ɗaya. A wanke farantan da ruwa zalla da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi.

A rubuta tun yanzu inda mataccen batir zai je. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, saboda haka a mayar wa dilan da ke karɓa ko mai lasisin sarrafa shi, a karɓi takarda. Haka baƙin man janareta: a tara shi a jarka mai murfi, ba a kwata ba, ba a ƙasa ba.

Tambaya: Cibiyarmu tana kula da yara marayu. Mukan cika tanki da yamma, da safe mu tarar ya sauka sosai. Wasu abokan aiki na cewa ai rijiyar burtsatse ce, ruwan kyauta ne. Me kuka gani?

Amsa: Hajiya, babu ruwan kyauta. Ɗaga lita 10,000 zuwa tsayin mita 50 yana cin kusan yunit 3 da injin da ke ba da rabin ƙarfinsa, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ku da maƙwabta kuke tarayya a kansa. Abin da ya zube naku, daga rijiyarsu ma ya rage.

A fara tabbatar da yoyon. Da dare a rufe kowane famfo, a sa alama a jikin tanki daidai inda ruwa ya tsaya, a dawo bayan awa 2. Tanki mai faɗin mita 1.8, saukar santimita ɗaya daidai take da kimanin lita 25. Sai a rufe babban makullin da ke ƙarƙashin tanki a sake gwadawa. In ruwa ya ci gaba da sauka, matsalar a jikin tanki take. In ya tsaya, a bi layi-layi, ana rufe ɓangare ɗaya bayan ɗaya har a kama wanda ke sha. Wurin da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ko bangon da ke jiƙe kullum, bututu ne ya fashe a nan.

Sau da yawa masai ne ɓarawon. Robar da ke toshe ƙasan tankinsa takan taurare, ruwa ya riƙa silalewa ba ƙara, ɗaruruwan lita a rana. A zuba ɗan launi a tankin, kada a ja, a jira minti 15. Idan launin ya bayyana a kwanon masai, a canja robar. A duba ƙwallon da ke tsayar da ruwa, in ruwan ya wuce bakin bututun ambaliya a sauke ƙwallon. Famfo mai ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a rana, kusan 11,000 a shekara, maganinsa kuwa 'yar robar ciki ce. A sa wa babban tanki makunni mai iyo da zai kashe injin da kansa idan ya cika. Ƙarfin famfo ana gwada shi da bokitin lita 10 da agogo: in ya cika ƙasa da minti ɗaya a wurin wanke hannu, a ɗaura masa kan da ke gauraya ruwa da iska, ya sauko zuwa lita 5 ko 6 a minti.

Amma tanadi yana da iyaka. Ƙa'idojin Sphere na aikin agaji sun sa lita 15 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin sha da girki da tsafta, kuma wannan na halin gaggawa ne. Ba a rage ruwan wankan yara ko na wanke hannu don rahoto ya yi kyau.

Tambaya: Duk shekara mai gyara na ƙara wa na'urorin sanyinmu gas. Daidai ne?

Amsa: A'a, Malam. Gas ɗin ba ya ƙarewa kamar mai, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, akwai ɓula, galibi a mahaɗar bututun tagulla. A nemo ta da kumfar sabulu, a gyara, sannan a cika. Kilo ɗaya na gas ɗin da ake kira R-410A da ya tsere yana dumama duniya kamar tan 2 na iskar kabon, wato kwatankwacin ƙona sama da lita 700 na dizal. In za ku sayi sabuwa, illar gas ɗin R-32 kimanin kashi ɗaya bisa uku ce na wannan. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar a tare shi don ban-ruwan shuka da goge daɓe, ba don sha ba.

Tambaya: Rufin zaurenmu na kwano ne, murabba'in mita 200. Tara ruwan sama zai biya wahala kuwa?

Amsa: Zai biya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, kuma rufin kwano na kai kimanin kashi 80 cikin 100 zuwa tanki. Inda ake samun milimita 600 a shekara, lita 96,000 ke nan daga rufinku. Ruwan farko yana tafe da ƙura da kashin tsuntsaye, a karkatar da aƙalla lita ɗaya ga kowane murabba'in mita, wato lita 200, kafin a bar sauran ya shiga. A share indararo kafin damina, a sa raga a mashiga da mafita saboda sauro, tanki kuma ya zama wanda haske ba ya ratsawa don kada gansakuka ta fito. A tura shi masai da wanki da lambu. In za a sha, sai an tace an sa kulorin, a gwada a ga ragowarsa tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita bayan minti 30.

Tambaya: Mun dasa itatuwa 500. Za mu iya rubutawa a rahoton shekara cewa mun goge duk hayaƙinmu?

Amsa: Kada ku rubuta haka. Ƙaramin dashe sai ya yi shekaru kafin ya zuƙi kabon na a-zo-a-gani, wasu ma ba sa tsallake rani na farko, dizal kuwa an riga an ƙona shi. Ku rubuta nawa aka dasa da nawa ke raye bayan wata 12. A gefe guda ku kawo yunit na wuta, da litar dizal, da litar ruwa, na bara da na bana, kowanne a raba shi da yawan mutanen da kuka yi wa hidima, don ƙungiyar da aikinta ya ninka dole jimillarta ta hau. In wani adadi ya ƙaru, a sa shi yadda yake tare da dalilinsa, a ajiye littafin karatun mita da rasiɗai inda mai binciken kuɗi zai same su.