Ɗalibaina sun ƙi buɗe baki

Tambaya: Malam, ina koyar da Ingilishi a wata sakandare a Garwa, ƙasar Kamaru. Yara 70 ne a ajina. Suna rubutu, amma in na ce su yi magana, sai su koma Faransanci ko Fulatanci. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, kunya ce, ba rashin sani ba. Raba su bibbiyu, ki mai da ajin kasuwa: wannan mai albasa, wancan mai saye, su yi ciniki da sefa amma da Ingilishi. Minti 5, su sauya. Hayaniya za ta tashi, ki ƙyale. Kada ki gyara kuskure ana tsakar ciniki. Ki kawo shi kan allo daga baya, ba kiran suna. Ni yaron da ya fi shiru a ajina, a kan farashin tumatir na fara jin muryarsa.