Amsa ga Alhajin da ya ce gida ya yi mai faɗi bayan ritaya

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka, ka ce ka aje aiki bayan shekara 35, yanzu ka tashi da safe ba inda za ka, har kana jin kamar ba ka da sauran amfani. Wallahi ba kai kaɗai ba ne, ni malamin makaranta ne kuma na riga ka shiga wanga layi.

Jiran giratuti da fansho akwai ciwo, kowa ya sani. Amma ni abin da ya fi ci min rai shi ne babu mai jirana, wayar da ba ta hutawa ta yi shiru, waɗanda munka yi aiki tare kowa na ta kanai, sai na koma ina faɗa da yara kan abin da bai kai ya kawo ba, har uwargida ta fara cewa Malam ko dai ka ɗan fita ka sha iska.

Abin da ya taimake ni, na koma ɗalibi. Na ɗauki Ishmawi da Iziyya da na bari tun ƙuruciya, bayan sallar asuba ina zaure gaban malaminmu, wanda a haife ma na girme shi, kuma ban ji kunya ba. Da la'asar kuma yaran unguwa masu shirin WAEC da NECO suna zuwa in yi masu lissafi kyauta. Ranar da ban fito ba sai an yi sallama an ce lafiya Baba? Wannan tambayar kaɗai ta ishe ni magani. Mu Sakkwatawa ma muna da abin koyi, Shehu Usmanu da kansa ya bar ma Abdullahi da Muhammadu Bello harkar mulki ya zauna Sifawa yana karantarwa da rubutu, kuma bai bar ilimi ba har rasuwarsa a 1817.

Abu guda don Allah, kada zaman banza ya tura ka zuba kuɗin sallamarka cikin sana'ar da ba ka sani ba. Na ga abokai da sunka faɗa noman albasa a fadama da ajiyar hatsi don an ce akwai riba, ba su san lokacin dashe ba ba su san ajiya ba, albasa ta ruɓe a rudu, wato wurin da ake ajiye ta. In kana son noman rani fara da ƴan fangali kaɗan tare da wanda ya iya. Sannan ka riƙa gwajin hawan jini da suga, ka taka da ƙafa zuwa masallaci.

Ka faɗa muna wane aiki ka yi a gwamnati, in akawu ne ko ma'aikacin lafiya, na tabbata kwamitin masallacinku ko Islamiyyar unguwa suna neman irinka yanzu haka. Allah shi sa albarka.